Amsa: Hawan jinin huhu ga sabon jariri

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba jaririn ƙanwarki lafiya. Kin tambaya ko hawan jinin uwarsa ya gado. A'a, wannan daban ne. Yana ciki, mabiyiya ce ke ba shi oksijin, yawancin jini kuma kewaye huhu yake yi. Da ya yi kukan farko ya kamata jijiyoyin huhun su buɗe. In suka ƙi, shi ne hawan jinin huhu, sai ki ga yana haki, leɓe da harshe sun yi shuɗi. Sau da yawa shaƙar baƙin kashinsa lokacin naƙuda ke jawowa, ko ƙwayar cuta.

Likita kan auna oksijin a hannun dama da ƙafa. In na ƙafa ya yi ƙasa sosai, alama ce. Hoton zuciya ke tabbatarwa.

Ana sa masa oksijin ko injin numfashi. Akwai iskar nitirik oksaid mai buɗe jijiyoyin huhu, da Amurka ta amince da ita a 1999, sai dai tsada, shi ya sa inda babu ake ba da maganin sildenafil mai irin wannan aikin. Don Allah 'yan barka su daina ɗagarsa, yawan taɓi na sauke masa oksijin. Bayan sallama a gwada kunnensa ko yana ji da kyau.