Amosanin gaɓɓai: yadda ciwon yake ci gaba a jiki

Tambaya: Likita, shekarata 38. Wata huɗu ke nan yatsun hannayena biyu suna kumbura, da asuba ko butar alwala ba na iya riƙewa sai hantsi. An ce sanyi ne. Zai wuce da kansa? Daga wata uwa a Rigasa.

Amsa: Malama, sannu da jiki. Sandarewar safe da ta wuce rabin awa, a hannu biyu lokaci guda, ta fi kama da amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda ya fi kama mata ninki biyu zuwa uku. Garkuwar ce take afka wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa, ya kumbura, sannan a hankali ya cinye guringuntsi, ya fara ɓarzar ƙashi. Yakan faro daga yatsu da wuyan hannu, ya kai gwiwa da kafaɗa. Abin da ke damuna shi ne ɓarnar ƙashin tana iya farawa cikin shekara 2 ta farko, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Na sha ganin mata sai yatsu sun karkace, zobe ya ƙi fita, sannan a kawo su. Ki je asibitin Barau Dikko a Kaduna ko na Shika a Zariya a yi miki gwajin jini na RF da anti-CCP, masu taimakawa wajen gano ciwon, kada ki jira.

Tambaya: Mahaifina yana shan diclofenac daga kemis, ciwon ya lafa. Ya warke ke nan? Daga Kawo.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Diclofenac yana kwantar da zogi ne kawai, ɓarnar tana nan tana ci, ga haɗarin gyambon ciki da lahanin ƙoda. Ciwon da ma yakan lafa ya sake tashi. Mai taka masa birki shi ne irin su methotrexate, da likita ke rubutawa, ana shansa sau ɗaya a mako, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa. In Baba yana shan taba ya daina, domin ciwon yana iya taɓa huhu da zuciya da idanu.

Tambaya: Ina da ciwon, ina son haihuwa. Daga Kakuri.

Amsa: Za ki iya, in sha Allahu. Mata da yawa ma sukan samu sauƙi da juna biyu, sai bayan haihuwa ya motsa. Amma methotrexate yana cutar da ɗan tayi, don haka ki ga likitanki ya canza miki magani tun kafin ki ɗauki cikin.