Amsa ga Malamar da ke son yin katun na dabbobi da itatuwa don yara manya

Assalamu alaikum. Malama, tun daren jiya na ga tambayarki, na rubuta amsa na goge har sau biyu, don da na fara sai raina ya ɓaci. Kin ce kina koyar da 'yan aji biyar da shida, kina son yin katun a kan dabbobi da itatuwan ƙasar nan don yara masu shekara 9 zuwa 13, kin zana 'yan wasanki a littafi, kina tambaya 2D (zane shimfiɗaɗɗe) ko 3D (mai kauri kamar sassaƙa), talabijin ko YouTube. Sannan a can ƙasa kika ƙara cewa akwai wanda ya ce ki ba shi littafin ya nemo miki tallafi. Wallahi da na zo wurin nan sai da na kife wayar. Ni ne wannan shekara huɗu da suka wuce, har littafin.

Kar ki ba shi. Don Allah kar ki ba shi tukuna.

Nawa shirin a kan sunayen unguwanninmu na gina shi. Ki duba fa: garin Kaduna kansa daga kadduna ya samo suna, ga Rafin Guza, ga Unguwar Rimi, ga Kawo wanda sunan itace ne, ga Gamji. Ki tambayi 'yan ajinki wa ya taɓa ganin guza a Rafin Guza, ko wa zai iya nuna miki itacen gamji. A wurinsu Gamji wajen yawon Sallah ne kawai. To sai na ƙirƙiro wani tsohon guza mai masifa da ke zaune ƙarƙashin kwalbati, shi kaɗai ya rage a danginsa, da wata yarinya mai taurin kai da ɗan kawunta matsoraci. Na zana guzan nan ta gaba, ta gefe, ta baya, yana fushi, yana dariyar mugunta, da 'yar hularsa da ta ji jiki. Labarin kashi shida na rubuta a littafin nan da hannuna.

A wajen wata bita a wani otal a cikin gari na haɗu da mutumin. Ma'aikacin wata ƙungiya ce mai harkar muhalli, babbar riga, turare tun daga bakin ƙofa, "ƙanina" yake ce min. Ya buɗa littafin yana ta "Masha Allah", ya ce irin abin da Turawansu ke nema ke nan, in bar masa ya nuna wa Oga. Na bar masa. Ko hoton shafi ɗaya ban ɗauka a waya ba, ni da nake yini gaban kwamfuta. Har yau in na tuna wannan sai in ji kunyar kaina.

Daga nan gyare-gyare suka fara. A cire mutuwar ungulu, wai yara ba sa son abin baƙin ciki. A rage wa guza masifa, wai ba tarbiyya ba ce. Yarinyar ta riƙa tsayawa tana duban mai kallo tana cewa mu dasa itace. A sa tambarinsu a farko, a ƙarshe, da jikin rigar yarinyar. Duk na yi, don an ce kuɗi na hanya. Ya ce in yi kashin gwaji da aljihuna za a mayar min. Na sayar da babur ɗina, maiɗakina ta ɗauki adashenta ta ba ni, muka yi wata bakwai ni da yara biyu masu zane a wani ɗan shago, rabin kuɗin a man janareta ya tafi. Na kai masa. Sai Oga ya yi tafiya. Sai kuɗi bai sauka ba. Sai bayan Sallah. Sai bayan Babbar Sallah. Sai waya ta daina shiga.

Ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, ina cikin Keke sai ga jerin 'yan makaranta sun fito da fararen riguna. Guzana ne a ƙirjin kowane yaro. Hular kawai aka sauya wa launi. Malama, ban san lokacin da na ce wa mai Keke ya tsaya ba. Na karɓi takardar da suke rabawa, ga shi nan a bango, ga yarinyar, har tabon da na sa wa guzan a gira saboda wani labari da ke kashi na huɗu, wanda su ba su ma san dalilinsa ba. Babu sunana ko a lungu. Na tsaya bakin titi da takarda a hannu kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa.

Washegari na same shi a ofis. Ya sa aka kawo min lemo. Da na gama magana sai ya yi murmushi ya ce, "Haba ƙanina, guza ai na Allah ne, ko kai ka halicce shi?" Wannan maganar ta fi kuɗin ciwo. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma kar wani ya zo min da wa'azin haƙuri a ƙarƙashin rubutun nan, na sha shi a gida. Har yanzu ina ganinsa a wajen ɗaurin aure, yana miƙo min hannu.

Lauyan da na gani ya ce doka na tare da ni, don haƙƙin zane na mai zane ne tun ranar da ya sa shi a takarda. Amma ina takardar? Tana hannun wanda zan kai ƙara. Yawancin fayilolin kashin gwajin da za su tsaya min shaida kuwa suna kan faifan ajiya guda ɗaya tak, wanda ya ƙone daren da aka kawo wuta mai ƙarfi, babban abin da ya rage min bidiyon da aka gama ne mai ɗauke da tambarinsu. Kuɗin shari'a kuma babu. Saboda haka yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki ɗauki hoton kowane shafi, ki tura wa kanki da wani amintacce ta imel don kwanan wata ya zauna. Ki yi rajistar aikin a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa, akwai sabuwar dokar 2022 da aka sa wa hannu a 2023. Mai neman tallafi kuma shafi biyu na taƙaitawa ya ishe shi. In ya ce sai littafin, ki ce a rubuta yarjejeniya, wa ke da 'yan wasan, nawa za a biya, yaushe. In ya ce "haba, tsakaninmu?", kin sami amsarki.

Amma bari in gaya miki abin da ya fi wannan koya min hankali. Bidiyon nan da na lalata da hannuna don faranta masa, na tara yaran gidan yayata a Unguwar Dosa na kunna musu a laftof, su tara. Kafin minti uku biyu sun fita ƙwallo. 'Yar yayata mai shekara 12 ta daure har ƙarshe don kunyata, sannan ta ce, "Kawu, jarrabawa za a yi mana a kai?" Ba da rashin kunya ta faɗa ba, da gaske take tambaya.

Yaran wannan shekarun ba 'yan nazire ba ne da za a yi wa waƙa da tafi. Suna kallon katun ɗin Japan a wayar yayyensu, inda ake faɗa, ake cin amana, jarumi yana kuka. Suna jin ƙanshin wa'azi tun daga nesa, kuma sun ƙoshi da shi a asambuli da Islamiyya da gida. Ke malama ce, wannan ne haɗarinki, ki yi min afuwa. Hannunki zai riƙa kai ki wajen allo.

Abin mamaki, a ranar nan, bayan na rufe laftof ina jin haushi, ɗayansu ya tambaye ni ko gaskiya ne kada na cinye 'ya'yanta. Na ce a'a, ɗaukarsu take a baki ta kai su ruwa. Na ƙara musu cewa ƙwan yakan yi kamar wata uku a binne, kuma ɗumin ramin ne ke sa ɗan ya fito namiji ko mace. Har masu ƙwallo suka dawo. Muka yi sama da awa guda. Na ba su labarin shamuwa, yadda take isowa gab da damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta, in ruwa ya ɗauke ta tsallaka har kudancin Afirka tana bin fara. Yarinyar ta ce to wa ke gaya mata hanya? Kin ga labari ke nan, kashi guda cur. Gawo da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, in kin bi hanyar Zariya zuwa Kano za ki gan shi. Wannan ai ɗan wasa ne da halinsa, mai yin akasin kowa.

Ungulu kuwa, ki tambayi mahauta tsofaffi yadda take cika kwata a da, ki je yanzu ki ƙirga. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin tamu ta gari cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma cikin dalilan har da masu sayen kanta da sassanta don tsibbu. Ga mugu, ga kuɗi, ga sirri, ga tsuntsuwar da kowa ke ƙyama alhali ita ke kwashe mushen da zai jawo cuta. Yaro ɗan shekara 11 ya san ciwon a ƙi ka ba laifin komai. Wannan ne kashin da mutumin can ya sa na cire. Kuma kar ki mayar da mai gawayi dodo, wataƙila uban ɗaya daga cikin 'yan ajinki ne, da shi ake biyan kuɗin makaranta. Ki bar yarinyar labarin ta rasa yadda za ta yi tsakanin kiryar da ake sarewa da tukunyar gidansu. Ba sai kin warware musu ba. Gizo ma ai ba mutumin kirki ba ne, kuma shi muka fi so.

Na yi nisa. Batun 2D ko 3D: 2D, ba ko tantama. Ki yi lissafi. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, ko an yi dabarar maimaita kowane zane sau biyu 12 ake nema. Kashi mai minti 11 daƙiƙa 660 ne, zane 7,920 ke nan. Ke da wa? Shi ya sa ake yanka ɗan wasa gaɓa-gaɓa a ɗaura masa ƙashi a kwamfuta a riƙa motsa shi, bakuna shida zuwa takwas sun isa magana. Manhajojin Blender da Krita da OpenToonz duk kyauta ne. 3D kuwa renda kaɗai, wato jiran kwamfuta ta fitar da hotunan ƙarshe, za ta cinye miki dare, ga gashin dabba da ganye da ruwa, su ne mafi wahala, kuma su ne shirinki gaba ɗaya. Da irin wutarmu? Ki fara da minti uku. Kafin ma wannan, ki ɗauki muryoyi, ki jera zanen fensir a kai ba motsi, ki kunna wa yaran wani ajin da ba naki ba, waɗanda ba sa tsoron makinki. Kar ki tambaye su ko ya yi kyau, za su ce e. Ki zauna a baya ki ga minti na nawa suka fara tsokanar juna.

Muryoyin kuma yara na gaske, da Hausar Kaduna yadda suke yinta, ba Hausar labaran duniya ba. Ni babbar mace na sa ta maƙale murya, abin ya fito kamar aljana. Ki haɗa da yaran tsallaken gada, Barnawa da Sabon Tasha, su ma da Hausa suke wasa kuma su ma 'yan kallonki ne. Ki nemi izinin iyaye a rubuce. Za ki gamu da masu cewa zanen mai rai bai halatta ba, ɗaya cikin yarana ma a kan haka ya ajiye aiki ana tsaka da shi, ban yi jayayya da shi ba, sai dai ki san da zancen tun wuri.

YouTube kar ki sa rai da kuɗinsa. Tun Janairun 2020 duk bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne ana rufe masa sharhi, ana cire tallar da ke bin mai kallo, kuɗin sai ya zama cikin cokali. Kafin ma a fara raba kuɗin talla da ke sai kin tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Gidajen talabijin kuma, waɗanda na taka, tambayar farko ita ce wa zai ɗauki nauyi. Nan ne irin su mutumina ke samun ƙofa. Ki ga fa, har shirin rediyo na yi tunani daga baya, tunda murya da kukan tsuntsu ba sa cin janareta.

Na so in kai masu zanena gandun dajin Kamuku su ga daji da idonsu, amma kin san matsalar tsaro a hanyar Birnin Gwari, kin kuma san yadda aka sace ɗaliban kwalejin gandun daji a Afaka a 2021. Kar ki kai 'ya'yan mutane ko'ina. Bakin kogi da sassafe, da tsamiyar bayan makarantarku, da shurin gara, sun ishe ki zango guda. Ki ɗauki sauti da wayarki, kwaɗi bayan ruwan farko, jemagu da magariba. Shamuwa kuma in ba ki ɗauke ta da damina ba sai wata shekara.

Ƙashin da na ɗaura wa yarinyar da bakunanta suna nan a wata tsohuwar filas da ta tsira, in kina so in turo miki ki sauya fuska ki yi gwaji da su, ba na neman komai. Guzan dai ba zan iya buɗe shi ba har yanzu. In kin ga dama ki turo min labarin kashi na farko ta akwatin saƙo in duba miki, amma shafi ɗaya kawai, kuma bayan kin tura wa kanki imel ɗin nan. Ni ma ba ki san ni ba.