Haƙorin kada a kan tudun Wurno

Tambaya: Malam, muna haƙar laka a gindin wani tudu kusa da Wurno sai muka tsinci dutse mai siffar haƙori, tsawonsa kamar gaɓar yatsa. Wani dattijo ya ce na kada ne. Me zai kai kada kan tudu?

Amsa: Malam, maganar dattijon nan tana da tushe, domin wurin da kuke haƙa ƙasan teku ne a da. Kimanin shekaru miliyan 70 zuwa 55 da suka shuɗe, wani teku marar zurfi ya ratso Sahara ya malale yankin Sakkwato, kuma shi ya bar farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita yau. A cikinsa dangin kada masu dogon baki siriri suka rayu, kuma suna cikin waɗanda suka tsira daga halakar da ta shafe dinaso, wato manyan dabbobin zamanin da dangin ƙadangare, shekaru miliyan 66 baya. Tun 1930 masanin Birtaniya Swinton ya bayyana kasusuwansu daga Wurno, sannan a 1975 wani masanin, Halstead, ya raɗa wa wani nau'i suna Sokotosuchus, wato kadan Sakkwato.

Haƙori ya fi yawa a cikin abin da ake tsinta saboda kada yana zubar da haƙoransa yana sake wasu har ƙarshen rayuwarsa, ga shi kuma ɓawon haƙori ya fi ƙashi tauri. Idan laka ta binne shi, ma'adinan da ke cikin ruwan ƙasa sukan shige shi sannu a hankali har ya yi nauyi ya sauya launi.

Ka juya shi a hannunka ka duba da kyau. Na dangin kada mulmulalle ne mai tsini, ya ɗan lanƙwasa, sau da yawa da siraran layuka daga tushe zuwa kai, gindinsa kuma da rami inda sabon haƙori ya turo shi. Irin wannan na cafke kifi mai santsi ne, ba na tauna ba. Idan kuwa faffaɗa ne mai kusurwa uku, to na kifin shak ne. Akwai kuma ƙaton ƙadangaren teku, Goronyosaurus, wanda ya samo sunansa daga Goronyo, kuma haƙorinsa yakan rikitar har da masana.

Shi ya sa ba na yanke hukuncin nau'i da haƙori ɗaya tak. Shimfiɗar ƙasar da ya fito daga cikinta ita ce ke faɗin shekarunsa. Kada ka goge shi ko ka wanke da sabulu. Ka rubuta wurin da zurfin ramin, ka ɗauki hoto, ka kai sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.