Halin shuɗin metilin: amsa ga ɗalibina a ɗakin gwaji

Ɗana,

Na ga takardar da ka bar mini a kan teburi, inda ka ce gilasan jinin da ka rina ranar Laraba duk sun fito da shuɗi mai duhu har ka kasa bambance ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da tarkacen da ke kewaye da ita, ka kuma nemi izinin zubar da kwalbar Gimsa, rinin da muke rina gilasan jini da shi, domin kana zaton jabu aka sayar mana. Ka ƙara da tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko faranta mini rai: me ya sa sunan rini ɗaya, wato shuɗin metilin, yake jikin kwalabe uku a ɗakinmu alhali kowace da aikinta? Kada ka zubar da kwalbar tukuna. Idan ka san halin wannan rini, kai da kanka za ka gane inda aikin ranar Laraba ya ɓaci.

Shuɗin metilin ba daga tsiro ya fito ba kamar baban da ake rini da shi a karofin Ƙofar Mata. Wani masanin sinadarai Bajamushe mai suna Heinrich Caro ne ya haɗa shi a shekarar 1876 a kamfanin BASF, kuma saboda rina tufafi ya yi shi. Likitoci ne suka janyo shi daga masaƙa zuwa ƙarƙashin madubin likita. Da shi Robert Koch ya fara ganin ƙwayar tarin fuka, binciken da ya bayyana wa duniya a ranar 24 ga Maris na 1882, sannan a 1891 Paul Ehrlich da abokin aikinsa Guttmann suka ba masu zazzaɓin cizon sauro shi a matsayin magani a birnin Balin, bisa tunanin cewa rinin da ke zaɓen ƙwayar cuta ya kama ta yana iya illata ta. Idan ka buɗe gwangwanin garinsa za ka ga kore ne mai duhu, yana ɗan sheƙi kamar fiffiken buzuzu, sai ya taɓa ruwa shuɗinsa yake bayyana, kuma ɗan abin da ya maƙale a bakin cokali ya isa ya rina kofi guda.

Halinsa na farko, wanda duk aikinmu ya ratayu a kansa, shi ne yana ɗauke da cajin lantarki irin na ƙari, kamar kan batirin da ke da alamar ƙari, saboda haka duk abin da ke ɗauke da cajin ragi yana jan sa. A cikin ƙwayar halitta kuwa, abin da ya fi ɗaukar cajin ragi shi ne sinadarin gado da ke cibiyarta da danginsa da ke warwatse a jikinta. Wannan ne dalilin da ya sa idan ɗan sakandare ya kankaro cikin kumatunsa ya ɗiga masa rinin, cibiyar kowace ƙwaya take fitowa da shuɗi mai kauri, sauran jikinta kuma ya tsaya fayau. Rinin ba ya sanin wace ce ƙwayar cuta, wace ce ƙwayar mutum. Caji kawai yake bi. Kuma yawan cajin da ke jikin ƙwayoyin jini yana sauyawa gwargwadon tsami ko kanwar ruwan da suke ciki. Ka riƙe wannan, domin nan za mu dawo.

Hali na biyu shi ne yana nuna, kamar yadda shuni yake nuna a cikin rijiyar marina. Idan ruwan rinin ya daɗe, musamman in akwai ɗan sinadari mai kanwa a cikinsa, wani sashe nasa yana rikiɗa ya koma wasu rinuka 'yan uwansa da ake kira azur, mafi amfani a cikinsu shi ne azur B. Wani likita ɗan Rasha, Romanowsky, ya lura a 1891 cewa idan aka gauraya tsohon shuɗin metilin da jan rinin iyosin, ana samun launi na uku wanda babu shi a ɗayansu: cibiyar ƙwayar zazzaɓi tana fitowa ja mai ratsin shunayya, jikinta kuma shuɗi. Matsalar ita ce yau haɗin ya yi kyau, gobe ya ƙi. Leishman a 1901 da Gustav Giemsa na birnin Hambog a 1904 su ne suka daidaita shi har ya zama abin da za a iya dogara da shi, kuma sunan na biyun ne muke kiran kwalbar da kake son zubarwa da shi. Ka ga ke nan shuɗin metilin yana cikin kwalba ta huɗu ma, ko da ba a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe ba. Rinin Field mai kwalabe biyu, wanda muke tsoma gilashi a ciki na 'yan daƙiƙoƙi idan layi ya yi tsawo, shi ma wannan haɗin ne aka raba shi gida biyu, shuɗi da azur a kwalbar A, iyosin a kwalbar B.

Yanzu ga gilasanka. Na ɗauki uku daga ciki na duba su jiya da yamma, kuma a cikin shimfiɗun jini biyu da ake yi a kan gilashi ban tsaya kan mai kaurin ba, wutsiyar siririyar shimfiɗa na nufa, inda jajayen ƙwayoyin jini suke kwance ɗaya bayan ɗaya. A gilashin da ya rinu daidai, launinsu toka-toka ne mai ɗan ja. Naka shuɗi ne mai toka. Na nemi farar ƙwayar jini irin wadda tsabar cikinta take kama iyosin, wadda ya kamata ta yi ja kamar ruwan goro, sai na same ta a dushe. Waɗannan alamu biyu ba sa nuna jabun rini, suna nuna cewa ruwan da ka sirka rinin da shi kanwarsa ta yi yawa, sai kusan komai a kan gilashin ya ɗauki cajin ragi ya janyo shuɗi, jan kuma ya rasa wurin zama. Da ruwan tsami ne ya yi masa yawa, da akasin haka ka gani: komai ya yi ruwan hoda, jikin ƙwayar zazzaɓi ya ƙi kama shuɗi, ka wuce ta ba ka gan ta ba. Na kuma lura jarkar ruwan bafa, wato ruwan sirki da aka daidaita tsaminsa da kanwarsa, a bushe take tun farkon mako, don haka ina kyautata zaton daga famfo ka ɗebo.

Ban faɗi wannan don in kunyata ka ba, domin ni ma na taɓa yin irinsa, kuma nawa ya fi naka muni. A wani asibitin karkara da na yi aiki ina matashi, ƙwayoyin da ake narkarwa a haɗa ruwan bafa suka ƙare a tsakiyar damina, lokacin da uwaye suke cika baranda da yara masu zafin jiki, sai na koma amfani da ruwan saman da muke tara a randa ina ganin ai babu ruwan da ya fi shi tsabta. Ruwan sama yana da ɗan tsami. Kwana biyu ina rubuta cewa ban ga komai ba a gilasan da daga baya babban ma'aikacinmu ya sake rinawa ya nuna mini zobban falsifaram, ɗaya daga ire-iren ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, a cikinsu. Har yau ina tuna yadda ya matsa gefe ya ce in sa idona in duba, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Tun daga ranar ban sake sirka Gimsa da ruwan da ban auna ba.

Ma'aunin da ake nema don gwajin zazzaɓin cizon sauro shi ne 7.2 a sikelin pH mai auna tsami da kanwa, wato ɗan gaba kaɗan da tsaka-tsaki ta ɓangaren kanwa. A wannan ma'auni ne ɗige-ɗigen da ke fitowa a jikin jar ƙwayar da cuta ta shiga suke bayyana, kuma da su ne muke taimakon kanmu wajen raba falsifaram da sauran ire-iren ƙwayar zazzaɓin, kamar obale. Ko tataccen ruwan da muke saye ba a yarda da shi haka nan, domin idan ya zauna yana shan iska yana komawa ɗan tsami. Idan akwai ƙwayar bafa, ka narkar da ita a adadin ruwan da aka rubuta a kwalinta. Idan babu, gishirin fosfet iri biyu ake aunawa, giram 0.7 na mai fotasiyam da giram 1 na mai sodiyam a lita ɗaya ta tataccen ruwa, sannan a auna a tabbatar kafin a yi amfani da shi. Sirkin kuma iri biyu ne: rini kashi 10 cikin 100 na kimanin minti 10 idan maras lafiya yana jira, ko kashi 3 cikin 100 na minti 45 zuwa 60 idan gilasai suna da yawa kuma babu gaggawa. A ganina na biyun ya fi fitar da hoto mai tsabta, ya kuma fi tattalin rini.

Ita kanta uwar kwalbar, babban makiyinta ruwa ne. An narkar da garin Gimsa a cikin metanol da gilisarin daidai wa daida domin a hana shuɗi da ja haɗuwa kafin lokacinsu. Da zarar ruwa ya shiga, sai su fara kama juna suna kwantawa a matsayin laka. Shi ya sa sirkin da ka haɗa da safe ba ya kai wa azahar, shi ya sa ba a mayar da ragowa cikin uwar kwalba, kuma shi ya sa jiƙaƙƙen bututun awo ba ya shiga cikinta ko sau ɗaya. Ka tsiyayi na mako a ƙaramar kwalba ka tace shi, babbar kuma ka toshe ta sosai ka ajiye a inuwa cikin kwalba mai duhu. Lakar nan ba ƙazanta ce kawai ba: ɗigonta a kan jar ƙwayar jini yana kama da cibiyar ƙwayar cuta, kuma da ita sabon ma'aikaci yake rubuta wa mai lafiya zazzaɓin da ba shi da shi. Saboda haka idan lokacin wankewa ya yi, kada ka tuntsurar da rinin ka zubar, ka kwarara ruwa a hankali ya ɗauke kumfar da ke sheƙi a samansa tukuna.

Akwai kuma abin da zafin ƙasarmu yake yi. Siririyar shimfiɗa ake kafewa da metanol, mai kaurin ba a kafe ta, domin so ake ruwan rini ya fasa jajayen ƙwayoyin ya wanke jansu a ga abin da ke ciki. A watan Afrilu, gilashin da aka bari a bakin taga ko ya kwana biyu ba a rina ba yana kafe kansa da kansa, sai ya fito da duhu ko da ruwanka daidai ne. Ka busar da su a kwance, a rufe, saboda ƙurar hunturu da ƙudaje masu lashe jinin.

Sauran kwalaben ba su da wuyar bayani. A gwajin kakin tarin fuka, shuɗin metilin ba shi ne mai kama ƙwayar ba. Jan rinin da ake ɗumamawa har ya yi tururi shi ne yake shiga jikinta mai maiƙo ya ƙi fita ko an wanke da asid, shuɗin kuma shimfiɗa ce ake yi wa sauran fili domin ƙwayoyin cutar, masu kama da jajayen sanduna, su fito fili. Minti ɗaya ya ishe shi, in ka wuce haka sai ya lulluɓe abin da kake nema. Shuɗin metilin da ake kira na Loeffler kuwa an sa masa ɗan sinadari mai kanwa da gangan don ya nuna, kuma shi ne ke fitar da ɗige masu ja-ja a jikin ƙwayar mashaƙo, cutar da ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. Sai ka kiyayi wanda aka rubuta wa sabon shuɗin metilin, da ake ƙirga jajayen ƙwayoyin da ba su gama nuna ba da shi: sinadari ne daban, ba a musanya ɗaya da ɗaya.

Halinsa na uku na bar shi ƙarshe domin ba ya shiga aikin rina gilasan jini kai tsaye, amma ya kamata ka gani da idonka. Idan ka zuba shi a ruwan gulukos mai ɗan soda ka ajiye, shuɗin zai ɓace ruwan ya koma garau, in ka girgiza kwalbar iska ta shiga sai ya dawo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya ga irin wannan, yadda zane yake fitowa daga rijiya kore-kore sai iska ta mai da shi shuɗi a hannun marini. Da wannan hali ake gwada madara, domin mai yawan ƙwayoyin cuta tana saurin kashe launin, da shi kuma ake raba yis mai rai da matacce. Wannan halin ne ma ya sa likitoci suke yin allurarsa ga wanda guba ta hana jininsa ɗaukar iska. Amma na allura daban ake tace shi, kuma yana iya farfasa jinin masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma irin waɗannan suna da yawa a cikin mutanenmu. Garin da ke kan kantarmu na gilashi ne kawai, kada ka tsiyaya wa kowa shi da sunan magani, ko ɗan uwanka ne ya roƙa.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo kafin a buɗe karɓar jini. Akwai gilasai biyu da na shimfiɗa daga jinin da na tabbatar yana da falsifaram, suna cikin akwatin da ke aljihun teburina. Za mu haɗa sabon ruwan bafa tare, ka auna shi da hannunka, sannan ka rina ɗaya da shi, ɗayan kuma da ruwan famfo, duka daga kwalbar da kake zargi. Ka zo da gilasan ranar Laraba da littafin rajista, domin duk wanda aka rubuta wa sakamako daga cikinsu sai mun neme shi mun sake ɗaukar jininsa.