Sojan Amurka da sauya jihar zama

Ɗan'uwa, ka ce ka shiga soja daga jihar Maryland, yanzu an tura ka barikin Fort Bliss a jihar Texas, kana tambaya ko za ka iya mayar da Texas jihar zamanka a hukumance don ka huta da harajin jiha a kan albashinka. E, za ka iya, tunda kana zaune a can. Ka je ofishin kuɗi na barikinku ka cike fom DD 2058, wato takardar bayyana jihar zamanka, a daina cire maka harajin Maryland. Texas ba ta karɓar harajin albashi. Kuma dokar SCRA ta 2003, mai kare haƙƙin sojoji, ta ba ka damar ci gaba da riƙe Texas ko da an sake tura ka wata jiha.

Sai dai fom ɗin kaɗai ba ya isa, kuma a nan na ga mutane suna shiga uku. Hukumar harajin tsohuwar jiharka tana duba ko da gaske ka yi niyyar zama a Texas. Don haka ka sauya lasisin tuƙinka, ka sa wa motarka lambar Texas, ka yi rajistar zaɓe a El Paso, birnin da barikinku yake. Wanda ya cike fom amma lasisinsa da rajistar zaɓensa suna Maryland, wata rana wasiƙar bashin haraji har da tara za ta iske shi. Don Allah kada ka manta da biyan Maryland harajin watannin da suka wuce kafin ka sauya.