Kar ka sabunta rajistar da sunan wanda ya sayar maka

Ɗan uwa wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don abin da ya same ni kenan sak. Ka ce ka sayi jirgin ruwa na hannu, rajistarsa ta kusa ƙarewa kuma har yanzu sunan tsohon mai shi ne a kai, wai ko ka je ka sabunta haka nan. Don Allah kar ka yi. A fara juya sunan ya koma naka tukuna, in ba haka ba a wurin hukuma jirgin nasa ne har gobe.

Ni wanda na saya a hannunsa har gidansa na je, muka yi ciniki cikin mutunci, ya sa hannu a takardar ciniki gaban shaidu biyu, har yana rantse min babu wata rigima a kan jirgin. Ranar da na kai takardu ofishin rajista, ma'aikacin ya buɗe fayil ya juyo min da shi, ya ɗora yatsa kan wani layi, ashe jirgin yana jingine a banki, bai gama biyan bashi ba. Jikina ya yi sanyi, sai da na nemi benci na zauna. Na kira shi ya fi sau 20 a ranar, daga "gani nan zuwa" sai waya ta daina shiga gaba ɗaya. Wata 5 jirgi na ɗaure a bakin ruwa, gansakuka ta cinye gindinsa, batir ya mutu, ni kuma kullum ina zarya tsakanin banki da ofis. Abin da ya fi ƙona min rai, ya san da bashin lokacin da yake kallon idona yana rantsuwa. Har yau ban huce ba.

Jingina jirgi take bi duk hannun da ya shiga, don haka ka nemi a ciro maka cikakken bayanin rajistarsa kafin komai, in akwai bashi sai banki ya ba da takardar saki. Ka je da kanka ka duba lambar jikin jirgin da ta injin ka gwada da ta takarda, harafi ɗaya ya saɓa za su dawo da kai. In mutum biyu ne a rajistar dole duka su sa hannu. Kuma in daga wata ƙasa aka shigo da shi sai da shaidar an soke rajistarsa ta can, jirgi ba ya ɗaukar tuta biyu. Af, rediyo ma, lambar MMSI ɗin nan mai lambobi 9, wadda ake gane jirgi da ita a rediyo, a gyara bayananta, kar Allah ya kiyaye wani abu ya faru a ruwa a kama kiran iyalan wani. Inshora kuma kar ka dogara da tasa.

Wanda ya sayar maka yana ɗaukar wayarka har yanzu? In yana ɗauka ka lallaɓa shi ku je ofishin tare cikin satin nan, da katin shaidarsa da asalin satifiket ɗin. Allah ya fid da kai lafiya.