Amsa ga ɗan'uwa mai shagon agogo a intanet da ake shiga ana fita ba ciniki

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, don ciwon da ke damunka shi ya taɓa kwantar da ni. Ka ce kana Bauchi, ka buɗe shagon agogo a intanet, mutane na shiga suna fita ba mai saye, kana tunanin ko ka canza launi ne ko ka biya wani ya gina maka sabo. Ni a Gombe nake, sana'armu ɗaya. Ka riƙe kuɗinka tukuna, kada ka ba kowa ko sisi.

Kafin maganar launi, ka binciki wannan yau ɗin nan: sunan shafin naka, da sunan wa aka yi masa rajista? Idan .com.ng ne, NiRA ce ke kula da irin waɗannan sunaye, kuma ana iya duba bayanan rajistar. Ina faɗa maka ne saboda abin da wani yaro ya yi mini. Da mutunci aka haɗa mu, aka ce ai ƙwararre ne. Na biya shi cif, har da ɗan ihsani a kai. Ashe sunan shafin da wurin da ake biya a ajiye shi a intanet duk da imel ɗinsa ya buɗe su, kalmar sirri ma shi kaɗai ya sani. Farashin agogo ɗaya in zan canza sai na kira shi, a lokacin da dala ke hawa kullum bayan an saki naira a 2023. Ka saro kaya da sabon farashi, shafi na nuna tsohon. Kwastoma ya turo maka hoton shafinka ya ce ai ga abin da ka rubuta, ka rasa bakin magana.

Mafi munin shi ne ana cikin goman ƙarshe na azumi, na zuba jarina kaf a kayan Sallah, na biya talla a Facebook da Instagram, sai shafin ya mutu ɗif. Wa'adin kuɗin ajiya ya ƙare, alhali na ba shi kuɗin sabuntawa tun kafin azumi. Na kira, ba ya ɗauka. Na tura saƙo, ya karanta ya yi shiru. Na bi shi har unguwarsu, ƙaninsa ya fito ya ce wai ya yi tafiya, ga takalminsa a ƙofar ɗaki ina gani. Da azumi a bakina na tsaya a rana. Tallar na ci gaba da cin kuɗi tana tura mutane shafin da babu shi. Wani dattijo da ya saba saye a wurina ya kira ya ce, "Malam, lafiya dai? An ce kun rufe." Wannan kalmar har gobe tana yi mini zafi. Da yaron ya waiwayo bayan Sallah, ko haƙuri bai bayar ba, cewa ya yi in ƙaro kuɗi. Na bar shi da Allah, na sayi sabon suna da kaina, da imel ɗina.

To, a kan shafin kansa. Ka daina duba shi a kwamfuta. Ka ari ƙaramar Itel ko tsohuwar Tecno, ka kashe wayifai, ka buɗe da data kamar yadda mai saye a Azare ko Misau zai buɗe. Nawa na farko, manyan hotuna ne ke ta juyawa a sama, kowanne nauyinsa ya kai megabayit uku ko huɗu, kafin su fito mutum ya tafi. Ga shi tun da aka ƙara kuɗin data a 2025 ba wanda zai zauna yana ƙona ta a kan agogonka. Ka matse kowane hoto ya dawo ƙasa da kilobayit 200, ka cire masu juyawar nan gaba ɗaya. Google na da PageSpeed Insights, kyauta ne, ka sa adireshinka zai nuna maka abin da ke jan ƙafa.

Kuma don Allah ka sa farashi. Wannan "yi magana ta ciki don jin farashi" ya kashe mana kasuwa. Mutum yana jin kunyar tambaya sannan ya ce ba shi da shi, sai kawai ya wuce.

Hoto kuma naka za ka ɗauka, ba na kamfani da kowa ke kwafowa ba. Ka ɗaura a hannu, ka ɗauka a hasken safe, ka nuna fuska, ka nuna baya, ka nuna maɗauri. Ka rubuta faɗin fuskar da milimita, don 36 da 44 a hoto duk ɗaya suke, a hannu kuwa ba haɗi. Casio F-91W ɗin nan da ake yi tun 1989 ƙarami ne, na sha ganin wanda ya saya ya ce ai ya ɗauka ya fi haka girma. Tunda na ambace shi, jabunsa sun cika kasuwa, saboda haka kowane agogo ka rubuta ƙarara ko na asali ne ko kwafi. Mai neman kwafi zai saya da saninsa, ba rigima. Masu sa hoton na asali su aika kwafi su suka sa yanzu kowa ke mana kallon 'yan damfara, Allah ya shirye su.

Tambayar da za a fi yi maka ita ce, "Ana alwala da shi?" Ka amsa ta a jikin kowane agogo. Wanda aka rubuta wa 30M, wato alamar jure ruwa, fantsamar ruwa da wanke hannu yake jurewa, ba wanka ba, ba iyo ba. Maɗaurin fata kuwa in yana shan ruwa sau biyar a rana zai yi wari ya tsage, gara ka ce wa mutum ya ɗauki na ƙarfe ko na roba. Ka faɗi ko mai batir ne ko mai tafiya da motsin hannu, don akwai wanda ya taɓa dawo mini da irin na biyun wai ya lalace, alhali ajiye shi ya yi kwana biyu a durowa ya tsaya.

Rabe-raben kaya ma, yaron nan da sunan kamfanoni ya jera mini su. Mutanenmu ba haka suke nema ba. Na maza, na mata, na yara, na lefe, masu lokutan sallah irin su Alfajr, sai kuma ta farashi. Na lefen nan kada ka raina shi, bayan Sallah lokacin bukukuwa shi ke riƙe ni.

Wajen biya, kada ka tilasta wa kowa buɗe asusu da kalmar sirri kafin ya sayi agogo ɗaya. Suna, lambar waya, gari, shi ke nan. Paystack, kamfanin da ke karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi ta intanet, na karɓar kati da tiransifa da USSD, amma da yawa za su fi son su ji muryarka tukuna, don haka ka sa maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowane agogo, wanda in an danna zai zo da sunan agogon a rubuce. In Chrome na gargaɗin cewa shafinka ba shi da tsaro, ka sa a gyara, wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt kyauta suke ba da takardar shaidar tsaron shafi, kada wani ya caje ka dubbai a kanta. Ka rubuta kuɗin aike tun a farko, ko ta tasha ce, ko Yankari Express, da kwana nawa za a jira. Ka sa hoton shagonka ko teburinka, da lambar rajistar CAC in kana da ita.

Launin da ka tambaya, farin bango da baƙin rubutu ya isa, agogon shi ne ado. Rubutun dai ya zama manya, dattawa ne ke da kuɗin.

Ka ajiye adireshin shafin a nan, in an sauko daga Isha zan buɗe a wayar yaron shagona in faɗa maka inda ya tsaya. Allah ya sa albarka a nema.